Gurbin Pelivan a Waƙar Dovran

Duk wanda ya tashi a Dovran ya san Hekuran mai majigi, duk wanda ya san shi kuwa ya taɓa shan faɗansa. Ba mugu ba ne, bakinsa ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Dogo ne siriri, da farin gashin baki da yake murzawa in zai yi gardama, wato kusan kullum. Ya haura saba'in, amma har yau in ya gangaro daga gidansa na kan tudu zuwa shagon gahawar Selfo, sai ka rantse wani babban taro ke jiransa. Babu mai jiransa sai 'yan tsofaffi da kwalin karta.

Sunan ya samo shi tun zamanin tsohuwar gwamnati. Da awakin ubansa ya fara, sai aka zo neman saurayi mai ƙarfin ƙafa wanda zai riƙa ɗora injin majigi a kan alfadari yana zagaya ƙauyukan dutse. A bangon makaranta yake haska fim, inda bango ya tsage kuma ya rataya zanen gadon matarsa Lumturi. Ita kuwa har gobe tana yi masa gori cewa zanen aurenta a hidimar Jam'iyya mai mulki ya ƙare. Finafinan ba su wuce na yaƙi da na girbin alkama ba, mun haddace su kaf, amma ko sau nawa ya maimaita sai mun kwaso kujeru mun zo. A wannan aiki ya koyi zaɓen alfadari, kuma ba ya gajiya da koya wa wanda bai tambaye shi ba. Shi ba ya duba haƙori, ba ya sauraron mai sayarwa. Kayansa mafi nauyi yake labta wa dabba, ya bi da ita hanyar da ta fi muni, in ta kai shi sannan ya biya.

Da gwamnatin ta rushe, ƙauyen ya tsiyaye. Wasu suka tsallaka Girka da ƙafa, wasu suka cusa kansu cikin jiragen ruwa zuwa Italiya, masu dogon rabo suka kai Amurka. Hekuran bai motsa ba. Ya sauka birnin Vlora ya sayo tsohuwar kyamara, ya koma ɗaukar bukukuwan aure yana aika kaset ga waɗanda suka tafi, su kalla su sha kuka su aiko da tukuici. Kaset ya wuce, faifai ya zo, shi ma ya wuce. Yanzu kowane ɗan biki da wayarsa a sama, ba mai neman Hekuran. Abin yana ci masa rai, faɗa ne kawai ba zai yi ba.

Abin da waya ba ta ƙwace masa ba shi ne waƙa. A wurinmu waƙa ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma ba ganga ba garaya. Maza kan tsaya kafaɗa da kafaɗa, mai ɗauka ya ɗaga layi, kafin ya sauke mai mayarwa ya tare shi ya juya masa, sauran su riƙe murya ɗaya doguwa a ƙarƙashi, eeee, ba hawa ba sauka. Wannan shi muke kira riƙo. Hekuran ne mai ɗaukarmu tun yana saurayi. Mai mayar masa kuwa Pelivan mai aski, gajere mai tumbi, wanda ba su taɓa shan gahawa tare sun tashi ba su zagi juna ba. Hekuran ya ce Pelivan kullum makara yake yi, Pelivan ya ce Hekuran yana jan layi kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi. Amma in suka haɗa baki, wallahi mai gasa rago ma sai ya manta da wuta.

Matar Pelivan ta rasu, ɗansa Bledar ya zo ya tafi da shi Detroit ta Amurka. Duk da haka kowane watan Agusta sai ya dawo don ranar ƙauye, ranar da 'yan Dovran na ko'ina suke haɗuwa gindin babbar bishiyar bakin marmaro. Su biyun ne suke buɗe taro da waƙar farko, kafin a yanka burodi, kafin a zuba raki, barasarmu ta gida.

Bana, ana saura 'yan makonni, Bledar ya bugo waya.

"Kawu Hekuran, an yi wa Babi aikin zuciya. An yi nasara, amma likita ya ce bana ba jirgi."

"To, sai ya huta. Dama ya cika surutu."

"Ba hutun ba ne, Kawu. Ba ya cin abinci. Yana zaune bakin taga yana kallon motoci. Gemu ya bari, shi da ya ƙare rayuwarsa yana aske na mutane. Jiya ya ce in gaya maka ka ba Selfo gurbinsa."

Hekuran ya murza gashin baki.

Dokar Dovran ba a rubuce take ba, amma ba wanda bai san ta ba. Ba a shiga gurbin mai rai sai ya miƙa da bakinsa, wanda ya miƙa kuwa ya gama, ba ya sake waƙa gindin bishiya. In kuma mawaƙi ya mutu, a shekarar ana buɗe taro da gurbinsa a wofi. Mai ɗauka ya ɗaga, masu riƙo su riƙe, inda ya kamata mamacin ya shigo a bar wurin haka nan, mata su yi kuka. Hekuran ya san abokinsa sarai. In ya miƙa gurbin nan, bakin tagar can zai zauna har a zo a ɗauke shi.

"Da bakinsa ya gaya mini?" in ji Hekuran.

"A'a, ni ya aiko."

"To ban ji ba. Ka gaishe da matarka."

Ranar Lahadi 'yarsa Rudina ta hauro daga Vlora, inda take aiki a kantin magani. Ita ce ta gaji bakinsa, shi ya sa ba sa minti nawa tare sai an ji su a maƙwabta. Ya gaya mata abin da yake so: Pelivan ya yi waƙa da su ranar ƙauye, daga can inda yake, ta wannan intanet ɗin da suka dame shi da ita.

Ta buɗe kwamfutarta a kan teburin cin abinci, ta ture farantin cuku gefe. "Babi, masu wannan aikin da yawa suke, kamar masu motar haya a tasha. Akwai na kyauta, akwai na biya duk wata. Wasu kai tsaye kawai suke nunawa, wasu suna ajiye maka abin ka sake kallo. Bari in karanta maka abin da kowanne ya ce game da kansa."

"Kada ki ɓata bakinki. Mai sayarwa ne ya rubuta."

"To yaya za ka zaɓa, da ƙamshi?"

"Kaya zan labta masa."

Lumturi na tsaye bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. "Ga mu nan kuma, an koma kan alfadari."

Kayan da ya fi nauyi dai waƙar ce da kanta, da riƙonta da komai. Hanyar da ta fi muni kuwa shagon Selfo da la'asar, lokacin da kowa ke latsa waya sabis yana numfashi sama-sama. A Detroit hantsi ne a lokacin. Sauran aiki shi ne jawo Pelivan daga bakin taga, Hekuran kuwa ya san ba a jawo shi da lallashi.

"Kai tsohon bunsuru," ya ce da aka miƙa wa Pelivan waya, "ba gaishe ka na kira yi ba. Abu nake gwadawa, ina neman wanda ba shi da aikin yi ya zauna can ƙarshen hanya ya gaya mini ko kaya sun iso."

Muryar da ta amsa ta yi sanyi har ta ba shi tsoro. "Bledar bai gaya maka saƙona ba?"

"Kunnena ya yi nauyi kwanan nan. Za ka zauna ko in nemi mai hankali?"

Suka fara da na kyauta, wanda duk duniya take kallo. Rudina ta jingina waya da kwalbar raki, Hekuran ya dafa kunne ya ɗaga, Selfo da sauran tsofaffin suka riƙe. An yi nisa, waƙa ta fara zafi, sai ga kiran Pelivan.

"Kun iso, na gan ku. Selfo ya tsufa. Amma kana tsakiyar kukan makiyayin da dusar ƙanƙara ta rufe, sai ga wata mata a kwance tana tallan katifa."

"Katifa?"

"Mai laushi kuwa. Na kusa saye."

Rudina ta ce ai da tallan suke ci, shi ya sa ba sa karɓar komai a hannunka. Hekuran ya murza gashin baki ya ce ko Jam'iyya da ƙarfinta sai ta jira ya canja faifan fim kafin sakatare ya yi jawabi. Ya sa wa wannan suna Ɗan Talla, ya sallame shi. Amma a hanyar gida yana ta murmushi shi kaɗai, don ya ji Pelivan ya yi ba'a, wanda yake ba'a kuwa da sauransa.

Na biyu manhajar kira ce mai hoto, wadda ake ganin juna ana jin juna nan take. Wannan kam Hekuran ya sa rai da ita. Fuskar Pelivan ta fito a allo, a rame, da farin gemu, tsofaffi suka yi ta miƙa wuya suna gaisuwa da ƙarfi kamar yana bayan dutse. Aka fara. Ba a je ko'ina ba Pelivan ya ɗaga hannu.

"Ina riƙo? Bakunanku a buɗe, ba na jin komai. Hekuran kaɗai nake ji, wannan kuwa azaba ce."

Rudina ta duba, ta kwashe da dariya. Ashe manhajar tana share hayaniya don a ji magana, kuma duk sautin da ya daɗe ba hawa ba sauka, a wurinta ƙugin fanka ne ko na firji.

Selfo ya aje tawul ɗinsa a hankali. "Wato ni ne firji."

"Kai da su duka, Kawu."

"Ubana ya riƙe waƙar nan, kakana ya riƙe. Yau wani yaro a can wata ƙasa ya zauna ya yanke hukunci cewa mu firji ne."

Ta samo inda ake kashe sharar, riƙo ya dawo. Sai babbar matsalar ta fito fili. Hekuran ya ɗaga layi, ya zo gaɓar da Pelivan zai tare shi, shiru. Ya wuce zuwa layi na gaba, sai ga amsar ta faɗo a kansa. Suka sake, haka. Suka rage sauri, haka. In kuma muryoyin biyu suka haɗu, manhajar sai ta zaɓi ɗaya ta danne ɗaya.

"Na faɗa tun muna samari cewa makara kake yi," in ji Hekuran, amma ba wanda ya yi dariya, har shi.

"Babi, teku ce a tsakaninku," in ji Rudina, wannan karon da taushin murya. "Murya ma sai ta yi tafiya ta je, ta yi tafiya ta dawo. Babu kamfanin da zai cire maka teku."

Ya gwada wasu biyu ko uku duk da haka, don taurin kai, duk kanwar ja ce. Saura na ƙarshe, wani ƙaramin kamfani da ake biya duk wata, wanda masu nuna wasan makaɗa suke amfani da shi. Ba talla, ba ya taɓa sauti, yana ajiye abin da aka ɗauka, kuma sai wanda ka ba hanya zai shiga. Amma hanya ɗaya yake tafiya, daga nan zuwa can, kuma jinkirinsa ya fi na kowa, don yana tara hoton ne kafin ya saki saboda kada ya riƙa tsinkewa.

"Wannan ai kurma ne," in ji Hekuran. "Kuma rago. Me zan yi da shi?"

"Mun riga mun zo, a gwada mana," in ji Selfo.

Suka yi waƙar daga farko har ƙarshe ba mai mayarwa, don gwaji ne, ba gindin bishiya ba. Hekuran ya yi ta ne ba da zuciya ɗaya ba. Da suka gama ya ɗauki hularsa zai tafi, sai waya ta yi ƙara.

"Hekuran." Pelivan ne, ba ba'a, ba zagi. "Bledar ya sa ku a babban talabijin. Na ji numfashin Selfo. Na ji cokali ya faɗi. Kamar ina zaune a shagon."

"Ina amfaninsa? Ba ma jin ka."

"Na mayar maka."

"Ka yi me?"

"Na mayar maka, kowane layi, daidai gaɓarsa. Ni a nan ba makara, abin da ya iso kunnena shi nake tarewa. Ku ne ba ku ji ba, amma a ɗakin nan waƙar ta cika." Ya yi tari, ya ja numfashi. "Ranar ƙauye ka bar mini gurbina a wofi. Zan cike shi daga nan."

Hekuran ya zauna a kan kujerar da ta fi kusa. Tun farko abin da babu shi yake nema, alfadarin da zai je ya dawo a numfashi ɗaya. Ashe wanda zai kai kaya lafiya ba tare da ya zubar da komai ba shi ne abin nema. Ya ji daɗi, daɗin kuma bai daɗe ba, don ya ga fuskar Selfo.

Kowa ya san Selfo ya daɗe yana kwaɗayin gurbin, amma ba kwaɗayi ne ya yi magana ranar ba. "Hekuran, ni na riƙe murya a kan gurbin ubana shekarar da ya mutu. Na san yadda wurin nan yake in ya zo. Kana so in tsaya gindin bishiya in yi wa mai rai abin da ake yi wa gawa? Ba zan iya ba. Mutane ma ba za su yarda ba, za su ce mun jawo masa ajali."

Magana ta zaga ƙauye kafin rana ta faɗi. Tsofaffin mata suka ce mugun fata ne. Wata ta tare Hekuran a bakin marmaro ta ce mutumin da aka tsaga ƙirjinsa, addu'a ake yi masa, ba a gwada masa kabari. Shi da ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, ranar sai ya juya ya kama hanyar gida, don a cikin ransa shi ma tsoron yake ji. In ya buɗe taro da gurbi a wofi, sannan wani abu ya sami Pelivan kafin baɗi, da wane ido zai kalli mutane?

A gida ya zauna gaban miyar wake har ta huce. Lumturi ta ƙyale shi, sai da ta gama wanke tukunya ta zo ta zauna.

"Ni ma ba na son abin nan, tsoho. Jikina ba ya ba ni."

"To shi ke nan, kin gama magana."

"Ban gama ba, kai ne ba ka iya jira. Matar Bledar ta kira Rudina. Ta ce tun ranar gwajin nan mutumin ya nemi askarsa, ya kwashe gemun tas. Ya ce a dafa masa wake da nama. Yanzu a ɗakin girki yake wuni yana gyara murya, har maƙwabta sun buga bango."

Hekuran ya ɗago.

"Mutane suna tsoro ne don gurbi kawai za su ji, ba za su ga mai cike shi ba. To ka nuna musu shi. Wancan abin naka ba ka ce yana ajiye hoto ba? Su ɗauke shi can yana mayar maka, su turo, kai kuma ka haska. Ko ka manta sana'arka ne?"

Ta tashi ta buɗe akwatin katako, ta ciro farin zanen gado ta jefa masa a cinya. "Bangon makaranta ya yi baƙi. Ka dawo mini da shi yadda na ba ka."

Washegari Rudina ta biya wa kamfanin kuɗin wata, ta aro majigin zamani a Vlora, ɗan ƙarami wanda Hekuran ya juya a hannu da raini ya ce ko kyanwa za ta iya ɗauka. Selfo dai bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai zo ya tsaya, saura sai abin da bakinsa ya yi.

Ranar ƙauye ta zo da zafi. Motoci masu lambar Girka da Italiya suka cika hanya har gangaren makabarta, raguna suna juyawa a kan wuta, yara suna ta Italiyanci da Girkanci kakanninsu suna amsa musu da harshen gida. Da la'asar Hekuran ya kafa tsohuwar ƙafar kyamararsa gindin bishiya, ya ɗaure wayar Rudina a kai da igiya, don bai yarda da maƙalin roba ba. Maza suka jeru. A hannun damansa, inda Pelivan yake tsayawa, aka bar fili.

Ya cire hula. "Ku saurara, don ba zan maimaita ba. Pelivan yana raye, ya ci wake da safen nan. Yana cikin wannan waya yana jin mu. Gurbin da za ku ji ba na mamaci ba ne, na mutumin da ya yi nisa ne. Duk wadda ta yi kuka, ita da shi, ni ba ruwana."

Ya dafa kunne ya ɗaga.

Riƙo ya shigo da rauni, don Selfo bai buɗe baki ba. Hekuran ya kai gaɓar farko, ya saki layin, ba wanda ya tare shi. Wallahi wurin nan ba daɗi. Duk wanda ya taɓa jin sa ya san shi, kamar ka taka matakala a duhu ka tarar babu. Wata tsohuwa ta fara shessheƙa duk da gargaɗin, wata ta kama mata. Hekuran ya ga fuskokin duk waɗanda ya taɓa yi wa wannan waƙa da gurbi a wofi. Saura kaɗan ya tsaya. Sai ya tuna cewa in ya tsaya, akwai wani tsoho a wani ɗaki can bayan teku da baki a buɗe yana jiran layi na gaba. Ya runtse ido ya ɗaga na biyu, ya bar masa wurinsa daidai yadda ya saba bar masa tun suna samari, ba ƙari ba ragi. Haka ya kai ta ƙarshe.

Ba wanda ya tafa. Aka yanka burodi, aka zuba raki, mutane suna ci suna magana ƙasa-ƙasa. Hekuran bai taɓa nama ba. Yana ta zagaya Rudina yana tambaya ko hoton Pelivan ya iso, tana cewa Bledar yana kan ɗorawa, sabis ne ba ƙarfi, ya je ya zauna don Allah.

Rana ta faɗa bayan dutse, ya rataya zanen Lumturi a bangon makaranta da ƙusoshin da ya kafa tun yana saurayi, suna nan ba wanda ya cire su. Mutane suka kwaso kujeru suka zo kamar da. Rudina ta ɗaga masa kai, ya danna.

Ga Pelivan a kan zane, ya fi girmansa na gaske, fuska a aske tas, da farar riga da farar hular ulu. Yana tsaye, ya dafa bayan kujera da hannu ɗaya. A gabansa talabijin, a cikin talabijin bishiyarmu da mu kanmu. A bayansa Bledar ne da wasu maza uku 'yan ƙauyukan maƙwabta da suke zaune a can, sun haɗa kafaɗa. Bledar ɗin da bai taɓa buɗe baki a waƙa ba tun da aka haife shi.

Muryar Hekuran ta tashi daga cikin talabijin, ta kai gaɓa, ya saki. Pelivan ya dafa kunne ya tare ta a sama, ya juya ta, ya mayar. Muryar ta ɗan dushe, amma ita ce, kuma ta faɗa wurinta cif. 'Yan bayansa suka riƙe.

A layi na biyu aka ji wani riƙo wanda ba daga zane yake fitowa ba. Selfo ne, yana tsaye a baya da tawul a kafaɗa, bakinsa a buɗe, hawaye yana bin gashin bakinsa. Na kusa da shi ya kama, na gaba ya kama, har filin makaranta ya ɗauka gaba ɗaya, da waɗanda suka zo daga Atina ta Girka da na Milano ta Italiya, da matan da suka yi kuka ɗazu. Yanzu ba makara, don hoton yana gabanmu, mu ne muke bin sa.

Da waƙa ta ƙare Pelivan ya matso kusa da kyamara har hancinsa ya cika zanen. Yana haki, yana murmushi.

"Hekuran, har yanzu kana jan layin farko, ba ka da gyara. Selfo, na san kana nan kana leƙe. Ka cire ido daga gurbina, baɗi da ƙafata zan zo."

Fili ya kaure da dariya, Selfo ya fi kowa. Hekuran yana tsaye gefen majigi, ya juya wa mutane baya yana goge fuska da hula, wai hasken ne ya shiga masa ido. Lumturi ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Ya makara a layi na uku," ya ce. "Da rabin numfashi."

"Ƙarya kake, tsoho."

"Ƙarya nake," ya ce, ya sunkuya yana laluben inda ake dannawa a maido da shi farko.